Allon Kwamfuta da Hasken Rana: Darasi a Kan Rubuta Bayanin Na'ura

Gabatarwa

A wata damina, ni da ɗalibaina muka fita aikin bincike a gonakin da ke gefen garin Ɗambatta, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Kazaure da Daura. Abin da ya kai mu shi ne ƙidayar ƙuduji, wato ciyawar nan da wasu ke kira wuta-wuta, wadda ke maƙale wa saiwar dawa da gero tana tsotse masu abinci. Mun tafi da kwamfutar tafi-da-gidanka don mu riƙa shigar da alƙaluma nan take. Da hantsi ya dubi ludayi, sai allon kwamfutar ya dushe, ba a ganin komai a cikinsa sai fuskar mai dubawa. Gawon da ke gonar kuwa ya kakkaɓe ganyensa kamar yadda ya saba yi da damina, don haka babu inuwar da za a fake. Wani ɗalibi ya lulluɓe kansa da kwamfutar da babbar riga, kamar masu ɗaukar hoto na zamanin da. Muka ƙure hasken allon, kafin azahar batir ya mutu, dole muka koma ga takarda da biro.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kuma an taɓa samo mata magani. A shekarar 2007 an kawo wata 'yar ƙaramar kwamfuta Nijeriya wadda allonta ke ƙara fitowa sarai idan rana ta ƙwalle. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda allon nata yake aiki, da yadda manhajar da ke tuƙa shi take karɓar umarni daga mai amfani, sannan ta nuna dalilin da ya sa rubuta bayanin irin wannan manhaja yake da muhimmanci kamar ƙera na'urar kanta.

Dalilin da ya sa allo ke dushewa a rana

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa tushen allon kwamfutar tafi-da-gidanka yana komawa ne ga wani masanin tsirrai. A shekarar 1888, Friedrich Reinitzer, ɗan ƙasar Ostiriya da ke aiki a birnin Prague, yana nazarin wani sinadari dangin kwalastaral, sai ya lura cewa sinadarin yana narkewa sau biyu. Da zafi ya kai digiri 145.5 a ma'aunin Salshiyos, ya narke ya zama ruwa mai gurɓi. Da ya kai digiri 178.5, sai ruwan ya washe garau. Abin da ke tsakanin waɗannan matakai biyu shi ne ake kira kiristal mai ruwa-ruwa, wato abu mai kwarara kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa suna jere cikin tsari kamar na daskararren abu. A shekarar 1970 ne Martin Schadt da Wolfgang Helfrich suka gano hanyar juya waɗannan ƙwayoyi da ɗan ƙarfin lantarki kaɗan, ta yadda za su bar haske ya wuce ko su tare shi.

Abin lura a nan shi ne, kiristal ɗin ba ya samar da haske da kansa. Aikinsa kamar na taga ne, ya buɗe ko ya rufe. Allon ya ƙunshi dubban ɗaruruwan irin waɗannan 'yan tagogi, waɗanda za mu kira ɗigo-ɗigo, a bayansu kuma akwai fitila. Hasken fitilar ne ke ratsowa ta matata masu launin ja da kore da shuɗi, har ya iso idon mai kallo. A cikin ɗaki wannan ya wadatar, domin hasken ofis ko aji bai cika wuce luks 500 ba, luks kuwa shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu. Amma hasken rana tsaka yana iya kaiwa luks 100,000. Hasken da ke dawowa daga fuskar gilashin sai ya rinjayi na fitilar, kamar dai wanda ya kunna tocila da tsakar rana. Idan kuma aka ƙure fitilar, ita ce ke kan gaba wajen shanye batir. Abin da ya same mu ke nan a gonar Ɗambatta.

Kwamfutar yara ta Galadima

A watan Janairu na shekarar 2005, Farfesa Nicholas Negroponte na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka ya bayyana shirin samar wa kowane yaro a ƙasashe masu tasowa kwamfuta mai araha. An san shirin da sunan OLPC. A watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurin farko a birnin Tunis, tare da Kofi Annan, wanda a lokacin shi ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi burin sayar da ita a kan dalar Amurka 100, amma da aka fara ƙera ta da yawa a ƙarshen 2007 kuɗinta ya kai kimanin dala 188. Sunanta XO-1, launinta kore da fari, tana da mariƙi kamar na jakar 'yan makaranta.

Nijeriya na cikin ƙasashen farko da aka gwada ta. A shekarar 2007 an raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja, kimanin guda 300. An yi ta maganar cewa gwamnati za ta sayi miliyan ɗaya, amma hakan bai tabbata ba. Ƙasashen da suka saye ta da yawa su ne Uruguwai da Peru a Kudancin Amurka. Ko da yake shirin bai cika burinsa ba, allon wannan kwamfuta ya bar tarihi, kuma wadda ta jagoranci ƙera shi ita ce Dokta Mary Lou Jepsen.

Faɗin allon inci 7.5 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, yana da ɗigo 1,200 a kwance da 900 a tsaye, wato ɗigo 1,080,000. Hikimar da ke cikinsa ita ce kowane ɗigo yana da fuska biyu. Wani ɓangarensa yana barin hasken fitilar baya ya wuce ta matatar launi, wani ɓangaren kuma yana aiki kamar madubi, yana mayar da hasken da ya faɗo masa daga waje ba tare da launi ba. A cikin ɗaki, sai a ga hoto mai launi. A fili kuwa, rana da ke kashe sauran alluna ita ce ke zama fitilar wannan allo, rubutu ya fito baƙi a kan fari kamar na takarda. Idan an kashe fitilar, allon yana cin kimanin kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya, alhali da fitila a ƙure yana kaiwa wat ɗaya.

A matsayina na malamin nazarin halittu, abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan tsari ya dace da halittar idon ɗan Adam. A tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu siffar sanda, waɗanda ke aiki a haske maras ƙarfi, da masu siffar mazurari, kimanin miliyan shida, waɗanda suka kasu gida uku kuma su ne ke bambance launi. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa ido ya fi kaifi wajen rarrabe haske da duhu a kan rarrabe launi da launi. Saboda haka a allon XO-1 ba a raba kowane ɗigo gida uku ba kamar yadda aka saba. Kowane ɗigo launi ɗaya aka ba shi, aka jera launukan a karkace, aka bar wa ido aikin haɗa su. Da wannan aka sami rubutu mai kaifi, ba tare da mai kallo ya ji ya yi asarar wani abin kirki ba.

Mai gadin allo

Akwai wata hikima ta biyu wadda ba a gani da ido. Hoton da ke kan allo, ko da ba ya motsi, sai an riƙa sabunta shi sau hamsin zuwa sittin a kowane sakan ɗaya, in ba haka ba ya ɓace. A kwamfutocin wancan lokaci, wannan yana nufin dole babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'ajiyarta su kasance a farke, ko da yaro shafi ɗaya yake karantawa na tsawon minti biyar. Wannan ɓarnar wuta ce, kamar a tayar da injin niƙa don a daka barkonon miya ɗaya.

Masu ƙera XO-1 sai suka saka wata 'yar na'ura tsakanin ƙwaƙwalwar da allon, suka kira ta DCON. Tana da 'yar ma'ajiyarta ta kanta. Idan hoto ya tsaya cik, sai ta kwafe shi ta ci gaba da nuna shi, ƙwaƙwalwar kuma ta yi barci. Da zarar an taɓa maɓalli, ƙwaƙwalwar ta farka ta karɓi aikinta, mai karatu bai ma san an yi canjin hannu ba. Misalinta kamar yaron da manomi ke bari a gona yana korar tsuntsaye ne, shi kuma ya koma gida ya huta, sai wani abu ya taso a kira shi.

Direba da ƙofofinsa biyar

Na'ura ba ta jin maganar mutum, kuma manhajojin da muke amfani da su ba su san harshen kowace na'ura ba. Don haka ake rubuta wata 'yar manhaja ta musamman da ake kira direba. Sunan ya dace, domin kamar yadda fasinja ke gaya wa direban mota inda za shi ba tare da ya san yadda giya ke shiga ba, haka sauran manhajoji ke gaya wa wannan direba abin da suke so, shi kuma ya san wayar da zai taɓa. XO-1 tana aiki ne da Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a shekarar 1991, wanda kowa ke da damar karanta shi da gyara shi kyauta.

A Linux akwai wani tsari mai suna sysfs, inda direba ke buɗe wa mai amfani wasu 'yan fayiloli. Kowane fayil ƙofa ce guda, kuma ƙa'idar ita ce ya ɗauki ƙima ɗaya tak. Idan mutum ya karanta fayil ɗin, ya ga halin da na'ura take ciki; idan ya rubuta lamba a cikinsa, ya ba ta umarni. Waɗannan ƙofofi su ne mahaɗar direba da mai amfani. Direban DCON yana da guda biyar, kuma sunayensu da Turanci suke. Na farko, mode, karantawa kawai ake yi, yana nuna wata lamba da ke taƙaita halin da na'urar take ciki. Na biyu, sleep, idan aka rubuta 1 allon ya yi barci, idan aka rubuta 0 ya farka. Na uku, freeze, shi ne ke miƙa wa DCON ragamar hoto ya tsaya cik, ko ya mayar wa ƙwaƙwalwar. Na huɗu, monochrome, yana zaɓa tsakanin hoto mai launi da baƙi da fari. Na biyar, resumeline, yana ƙayyade layin allon da DCON za ta kai kafin ta aika wa ƙwaƙwalwar sigina, don canjin hannu ya zo daidai ba tare da hoto ya girgiza ba. Ban da waɗannan, ƙarfin fitilar baya yana da mataki goma sha shida, daga 0 zuwa 15.

To, a nan ne gizo ke saƙar. A ce wani makanikin kwamfuta a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre da ke Kano ya buɗe wannan wuri ya tarar da sunaye biyar. Suna kaɗai ba zai gaya masa lambar da zai rubuta ba. Ba zai gaya masa bambancin sleep da freeze ba, alhali ɗaya yana kashe hoto, ɗayan yana riƙe shi. Idan ya rubuta 1 a freeze bisa kuskure, allon zai tsaya cik ko da kwamfutar na ci gaba da aiki lafiya lau, shi kuwa zai yanke hukuncin cewa ta lalace, ya jefa ta cikin tarkace. In babu rubutaccen bayani, hanya ɗaya ce ta rage masa, wato ya zauna ya karanta ainihin rubutun manhajar a harshen C, abin da ba kowa ne ya iya ba.

Yadda ake rubuta bayanin ƙofa

Masu kula da Linux sun fahimci wannan haɗari. A cikin kundin bayanansu akwai sashe na musamman mai suna ABI, wanda aka keɓe don bayanin irin waɗannan ƙofofi. An kasa shi gida huɗu: ƙofofin da suka tabbata, waɗanda aka yi alkawarin ba za a canza su ba na aƙalla shekara biyu, waɗanda ake kan gwadawa, waɗanda aka yi niyyar cirewa, da waɗanda aka riga aka cire. Kowace ƙofa kuma ana so a faɗi sunanta da inda take, da ranar da aka samar da ita, da zubin Linux ɗin da ta fara bayyana a ciki, da wanda za a tuntuɓa, da bayanin aikinta, da manhajojin da suka dogara da ita.

Idan da za mu rubuta bayanin ƙofa ta uku da Hausa, ga yadda zai kasance: “Suna: freeze. Ana karantawa, ana kuma rubutawa. Idan aka rubuta 1, DCON za ta riƙe hoton da ke kan allo ta ci gaba da nuna shi daga ma'ajiyarta, duk wani sabon hoto ba zai bayyana ba. Idan aka rubuta 0, allon zai koma karɓar hoto daga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Gargaɗi: tsayawar hoto ba ta nufin kwamfuta ta mutu.” Layi huɗu ne ko biyar, amma sun isa su ceci na'ura daga bola.

Daga wannan misali za a ga sharuɗɗa huɗu na kyakkyawan bayani. Na ɗaya, ya faɗi abin da ƙofar ke yi a idon mai amfani, ba yadda aka gina ta daga ciki ba. Na biyu, ya lissafa duk ƙimar da ake iya bayarwa da ma'anar kowacce. Na uku, ya faɗi abin da zai faru idan an yi kuskure, da yadda za a dawo daidai. Na huɗu, ya ɗauki kwanan wata, domin manhaja tana canzawa, kuma tsohon bayanin da ba a san zamaninsa ba yana iya ɓatar da mutum fiye da rashin bayani.

Mu masu nazarin halittu mun san wannan ƙa'ida tun kafin zuwan kwamfuta. Duk ganyen da aka busar aka adana a ɗakin ajiyar tsirrai, sai an manna masa takarda mai ɗauke da sunansa, da inda aka tsinko shi, da rana, da sunan wanda ya tsinko. Ganyen da takardarsa ta ɓace ya zama yayi, komai ƙarancin irinsa. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a shekarar 1916. Mutanen da suka gaya masa waɗannan sunaye duk sun riga mu gidan gaskiya, amma fiye da shekara ɗari bayan haka muna buɗe littafin muna amfana, saboda an rubuta.

Makomar direban

A shekarar 2010 aka shigar da direban DCON cikin babban kundin Linux, a wani sashe da ake ajiye direbobin da ba su gama cika sharuɗɗa ba, kamar zauren da baƙo ke jira kafin a yi masa iso. Bai taɓa wuce wannan zaure ba. An gina shi ne a kan tsohon tsarin nuna hoto na Linux, ana bukatar a sake rubuta shi a kan sabon tsari, su kuwa kwamfutocin sun tsufa, masu kula da shi sun kama wasu ayyuka. A shekarar 2022 aka yi masa alamar cewa ba ya aiki daidai, a shekarar 2024 kuma aka cire shi baki ɗaya.

Sai dai dabarar ba ta mutu ba. A shekarar 2011 ƙungiyar VESA, wadda ke tsara ƙa'idojin allunan kwamfuta, ta shigar da irin wannan hanya ta barin allo ya riƙa sabunta kansa cikin ƙa'idarta, kuma kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa sun yi amfani da ita daga baya don tsimin batir. Wannan yana nuna cewa ƙarfe yana tsatsa, manhaja tana tsufa, amma ilmin da aka rubuta a fili yana samun magada. Wanda duk yake son ya san yadda aka shawo kan matsalar rana da ta batir a 2007, to abin da aka rubuta ne zai zama jagoransa.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar Ɗambatta akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, akwai makarantun sakandare, akwai asibitoci da masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Thomas. Na'urori suna ta shigowa irin waɗannan wurare: kwamfutoci, da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, da na'urorin gwaje-gwaje. Mafi yawan masu gyaranmu sun koyi sana'a ne da baki da kallo a gaban maigida, abin da ke da kyau matuƙar maigidan na nan. Ranar da ya tashi daga garin, ko ya kwanta dama, sai ilmin ya bi shi, na'ura mai tsada ta zama abin ajiye kaya saboda wata 'yar matsala da layi biyar na rubutu za su warware.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu na kimiyya da na fasaha da su ɗauki rubuta bayani a matsayin rabin aiki, ba ƙarin wahala ba. Duk wanda ya haɗa wata na'ura, ko ya rubuta manhaja, ko aka damƙa masa kula da kayan ɗakin gwaji, to ya zauna ya rubuta kowane maɓalli da aikinsa, da abin da ke faruwa idan an yi kuskure, ya sa kwanan wata, kuma ya rubuta har da Hausa, domin da ita mai gyara da manomi ke tunani. Haka nan hukumomin da ke sayo kayan aiki su riƙa sanya rubutaccen bayani cikin sharuɗɗan ciniki. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Za mu iya ƙarawa da cewa ba ta kuma zama. Abin da ke zama shi ne abin da aka rubuta. Ni ma tun daga ranar da rana ta kashe mana allo a gonar dawa, ba na fita da kowace na'ura sai da takardar bayaninta a aljihu, tare da littafi da biro.